Tarihin Hanyar Ƙasa ta Ɗaya (RN1) a Yankin Cadawa: Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Yamai za shi Damagaram a mota, tilas ne ya bi ta Gidan Rumji, ya gilma ta arewacin Maraɗi, ya ratsa Cadawa da Agye da Gazawa kafin ya isa Tasawa. Wannan hanya ita ce hukuma ke kira Route Nationale n° 1, ko RN1 a taƙaice, ana kuma yi mata laƙabi da Route de l'Unité, wato hanyar haɗin kan ƙasa. Sau da yawa idan ana maganar tarihinta, akan fara ne daga lokacin da aka zuba mata kwalta, sai ka ce kafin nan babu wani abin faɗi. Manufar wannan maƙala ita ce mu koma baya da nisa fiye da haka.

Ra'ayinmu shi ne, hanyar ta samo asali daga buƙatar sojan Faransa ta isa Damagaram daga bakin kogin Kwara ba tare da ƙishirwa ta halaka su ba, kuma saboda wannan buƙata ne aka ja iyakar Nijar da Najeriya inda take a yau. An shimfiɗa ta gabas da yamma bisa ƙasar da tun fil'azal fataucinta ke tafiya kudu da arewa. Za mu taƙaita bayaninmu a kan yankin da ya haɗa gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa cikin jahar Maraɗi, mu ɗauki Cadawa a matsayin tsakiya. Za mu dubi shimfiɗar hanyar, da turbobin da suka riga ta, da yarjejeniyoyin Turawa, da zamanin gyaɗa, da na bayan ƴancin kai, daga ƙarshe mu kawo shaidar da harshe ya adana.

2.0 Shimfiɗar hanyar

Daga Yamai hanyar ta kasu reshe biyu. Reshen yamma ya bi gaɓar kogi ta Tilaberi da Ayoru har iyakar Mali. Reshen gabas, wanda shi ne abin nazarinmu, ya bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni da Madawa, ya shigo jahar Maraɗi, ya wuce Gidan Rumji da Tsibiri da Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa da Maijirgi, ya shiga jahar Damagaram ta Takeita, daga nan sai Damagaram da Gure da Maine Sorowa da Difa da Gigime. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, zuwa Damagaram kimanin 900, zuwa Gigime kuwa kusan 1500. Cikin manyan biranen jahohi takwas na ƙasar, shida suna bisa wannan hanya. Tawa da Agadas ne kawai ba ta bi ta cikinsu ba.

Abu na biyu da taswira ke nuna mana shi ne, tun daga Dogon Dutsi har Difa hanyar tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da iyakar Najeriya, kuma manyan rassanta duk kudu ko arewa suka nufa. A Ƙwanni reshe ya sauka Illela da Sakkwato. A Maraɗi wani ya sauka Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. A Takeita wani ya nufi Matamai da Daura da Kano. Ta ɓangaren arewa kuma, akwai reshen Tsarnawa zuwa Tawa, da na Dakwaro, da na Cadawa zuwa Mayahi, da na Damagaram zuwa Tanut da Agadas. Ke nan Cadawa, wadda ke ƙasa da kilomita 40 gabas da Maraɗi, mahaɗa ce, kuma wannan matsayi nata ya samu ne daga tarihin da za mu bayyana.

3.0 Turbobin ƙarni na 19

Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe sun ƙaura arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi a wajajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa Tsibiri kusa da su. Tasawa da Gazawa suna cikin ƙasashen da ke bin Katsinawan Maraɗi. Saboda yawan hare-hare tsakaninsu da daular Sakkwato, jama'a ta taru ne cikin garuruwa masu ganuwa ko shinge, galibi a kwarin gulbin Maraɗi da gulbin Kaba, alhali jigawar da ke tsakanin kwaruruwan nan mafi yawanta daji ce.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa wannan yanki a watan Janairu na 1851. Ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa daga Azbin, ya sauka Tasawa, ya zo Gazawa, daga nan ya keta dajin da ya raba ta da Katsina, wanda matafiya ke tsoro ƙwarai saboda mahara, ya isa Kano a farkon Fabrairu. Wato babbar turbar da ta raya Tasawa da Gazawa a wancan zamani daga arewa ta fito ta nufi kudu: gishirin Bilma da dabino suna sauka, hatsi da tufafin Kano suna hawa, haka ma bayi.

Ba mu ce babu hanyar gabas da yamma ko kaɗan ba. Abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, daga Tasawa ya tafi Maraɗi da ƙasar Gobir, kuma babu shakka manzanni da mayaƙa da masu zumunci suna kai da kawowa tsakanin waɗannan garuruwa. Sai dai hanyoyi ne na cikin gida. Babban gwadaben da ya haɗa yamma da gabas, daga Sakkwato zuwa Katsina da Kano har Kukawa ta Barno, can kudu yake, cikin ƙasar da a yau ake kira Najeriya.

4.0 Yadda hanya ta ja iyaka (1890–1908)

A ranar 5 ga Agusta 1890 Faransa da Ingila suka amince da wani layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, a lokacin da babu ɗayansu da ke mulkin ƙasar da suke rabo. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zo ta fayyace shi. An zana wani baka mai nisan mil 100, wato kilomita 161, daga tsakiyar birnin Sakkwato, duk abin da ya faɗa ciki ya zama na Ingila. Daga inda bakan ya ƙare, layin ya bi digiri 14 na arewa ya yi gabas kimanin kilomita 112, sa'an nan ya sauko kudu. Idan muka ɗora wannan ma'auni bisa taswirar yau, za mu ga layin ya sauko ne ba nisa da inda Cadawa take. Ma'ana, a takardar 1898, Ƙwanni da Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi rabon Ingila ne, Tasawa da Damagaram kuwa rabon Faransa.

Rundunar farko da ta gwada bin wannan tsari ita ce ta Voulet da Chanoine a 1899. Neman ruwa da abinci ya sa ta kutsa cikin yankin da aka bar wa Ingila. Ta ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ta hallaka jama'a masu yawa a ƙauyukan da ta ratsa har ƙasar Tasawa. A ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya karɓe masa shugabanci, a Ɗankori. Ƴan kwanaki bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi, garin da hanyar ke ratsawa a yau. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi sawun wannan runduna ta kan RN1, ya kuma ji ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa.

Da aka kafa yankin mulkin soja na uku a 1900, sai matsalar ta fito fili. Ayarin da ke kai wa barikin Damagaram kaya dole ya kewaye bakan Sakkwato ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna, dabbobi na mutuwa, masu dako na gudu. Faransa ta yi ta neman a ba ta hanyar da za ta biyu rani da damina. Damar ta zo a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, inda Faransa ta saki tsohon haƙƙinta na musamman a gaɓar kamun kifi ta tsibirin Terre-Neuve, can arewacin tekun Atlantika, aka biya ta da tsibiran Los, da wani yanki a Gambiya, da kuma gyaran iyaka tsakanin Kwara da Cadi. An tanadi cewa a bar wa Faransa mutanen ƙasashen Tasawa da Maraɗi da Damagaram gwargwadon iko. Yarjejeniyar Landan ta 29 ga Mayu 1906 ta ƙara daidaita layin, sa'an nan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta kafa alamomi 148 tsakanin 1906 da 1908.

Abin lura a nan shi ne jerin al'amuran. Buƙatar hanya ce ta fara, iyaka ta biyo baya. Kusancin da muka gani tsakanin RN1 da iyakar Najeriya daga nan ya samo tushe: an tura iyaka kudu ne daidai yadda jerin rijiyoyi da garuruwan da ayari zai sauka za su faɗo hannun Faransa. Littafin Derrick Thom na 1975 da na Camille Lefebvre na 2015 sun yi bayani mai faɗi a kan wannan ciniki.

5.0 Daga hanyar soja zuwa hanyar gyaɗa (1908–1960)

Da aikin tilas aka share hanyar, da shi kuma aka riƙa gyara ta bayan kowace damina. Kumandan ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa masu gari, masu gari su fitar da ƙarti su sare itatuwa, su ɗebo marmara a kai, su gina masaukai, su kuma ɗauki kayan Nasara daga zango zuwa zango. Ba a soke wannan tsari ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. A ƙarshen 1924 motocin kamfanin Citroën da suka ƙetaro Sahara sun biyo ta daga Yamai, sun sauka Tasawa wurin Sarki Barmu, sun wuce Damagaram da Gigime, abin da ke nuna cewa a lokacin mota na iya bin ta da rani. A 1926 aka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, a 1927 kuma mazaunin kumandan ya tashi daga Tasawa ya koma Maraɗi. Tun daga nan umarni ya riƙa fitowa daga yamma.

Amma kuɗi daga kudu suke zuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma da noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi da Tasawa, can ake kai ta bisa raƙuma da jakai, daga baya a manyan motoci, ta bi dogo zuwa Ikko. Ƙarewar yaƙe-yaƙe da neman gonakin gyaɗa sun sa mutane suka fito daga kwari suka bazu bisa jigawa, suna haƙa rijiyoyi suna kafa ƙauyuka. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka sake gina shi bisa tudu, ya ƙara matsowa kusa da hanya.

A 1953 hukumar mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin da ta kira Opération Hirondelle, domin karkatar da gyaɗar Nijar zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Motocin da suka kawo kaya daga Faraku, inda dogon Dahome ya tsaya, sai su koma da gyaɗa, hukuma tana tallafa wa kuɗin dako. Daga Maraɗi zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, zuwa Faraku kuwa kusan 1000 ne. Dalilan zaɓen doguwar hanya su ne cunkoson da ya addabi jiragen ƙasan Najeriya a lokacin, da kuma son a tsare ciniki cikin ƙasashe masu kuɗin Faransa. Wannan ne karo na farko da aka yi ƙoƙarin mayar da hanyar soja hanyar kasuwanci, kuma da ƙarfin hukuma aka yi shi.

6.0 Kwalta da haɗin kan ƙasa (daga 1960)

Gwamnatin Diori Hamani ta gaji wannan manufa bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Hukumar sufuri ta haɗin gwiwa da Dahome, OCDN, an kafa ta tun 1959. Aka ƙara da SONARA mai cinikin gyaɗa a 1962, da kamfanin sufuri na SNTN a 1963. Asusun raya ƙasashe na Turai, FED, ya ɗauki nauyin mafi yawan aikin kwalta tsakanin Yamai da Damagaram, kashi-kashi. Ɓangaren Gure zuwa Gigime kuwa Kanada ce ta biya kuɗinsa a shekarun 1970, kuma shi ne aka fara kira hanyar haɗin kai, saboda ya haɗo gabashin ƙasa da ke can gefe. Daga bisani sunan ya game hanyar duka. A zamanin Seyni Kountché kuɗin yuraniyom sun ba da damar gina hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ke jone da RN1 ta reshen Tsarnawa.

Tsarin mulki ma ya bi kwalta. A 1972 aka ɗaga Agye da Gidan Rumji suka zama mazaunin arrondissement, a 2011 kuma aka cire Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ofisoshi da asibitoci da makarantun sakandare da manyan kasuwanni duk sun jeru a bakin hanya, ƙauyukan da ke nesa da ita kuwa sai da amalanke ko babur.

Duk da haka fatauci bai bar tsohuwar alƙiblarsa ba. Farin 1973–1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya nomanta, manoma suka koma ga wake da aya, wadda Cadawa ta yi suna a kanta. Wake da dabbobi kasuwarsu Najeriya ce. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, sun tara dukiyarsu ne ta hanyar shigo da kaya daga Kwatano bisa RN1 su sake tura su kudu. Ko babbar hanyar nahiya ta Dakar zuwa Njamena, a Maraɗi take rabuwa da RN1, ta sauka Katsina da Kano da Maiduguri, wato ta koma bisa gwadaben ƙarni na 19. Saboda haka duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kasuwannin bakin hanya ne ke fara jin jiki, ko da kwalta lafiya lau take. Aikin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 shi ma wannan alƙibla ya bi.

Wannan ba ya rage wa hanyar daraja. Ita ce ta sa ɗan Gazawa ke iya kwana gida ya wuni a hanya ya kwana Yamai, ita ce ke ɗaukar man matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, kuma a bakinta ne dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya kora daga gaɓar Komadugu suka kafa bukkoki a jahar Difa tun daga 2015.

7.0 Shaidar harshe

Hausar wannan yanki ta adana alƙiblolin nan biyu. Kalmomin da suka shafi mota da sana'arta, mafi yawansu daga Ingilishi aka aro su, ta bakin Kano da Katsina: mota, direba, tasha, taya, birki, lodi, fasinja. A kansu aka gina wasu na gida, kamar karen mota da ɗan kamasho. Kalmomin da suka shafi ikon hukuma bisa hanya kuwa daga Faransanci suke: jandarma, duwan, kumandan, lanho. Akwai kuma wuraren da harsunan biyu suka yi karo, aka sami tagwayen kalmomi, kamar kwalta da guduro (goudron), ko kwastan da duwan (douane). Mai magana yakan zaɓi ɗaya gwargwadon ɓangaren iyakar da yake nufi. A taƙaice, sana'ar mota daga kudu ta shigo, masu tsaron hanya kuwa daga yamma.

Sunayen garuruwa su ma shaida ne. Sunaye masu ɗafa-ƙeyar -awa, kamar Cadawa da Gazawa da Tasawa, suna da siga irin ta sunayen al'umma. Masu farawa da Gidan ko Garin ko Ɗan kuwa, waɗanda suka cika jigawar nan, galibi suna ɗauke da sunan mutumin da ya sari wurin, kuma da yawansu ba su wuce zamanin bazuwar da muka ambata a sashe na 5 ba.

Sai batun rubutu. Allunan bakin hanya da duwatsun kilomita suna ɗauke da Tchadoua, Aguié, Gazaoua, Guidan Roumdji, bisa ƙa'idar Faransanci, inda tch ke wakiltar c, dj ke wakiltar j, oua kuma ke wakiltar wa. Sunan Cadawa ma iri biyu ake samun sa cikin takardun hukuma, Tchadoua da Tchadaoua, na farkon ya haɗiye wasali guda. Taron Bamako na 1966 ya daidaita rubutun Hausa, amma bai taɓa allunan hanya ba.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin RN1 a yankin Cadawa ya fara ne tun daga takardun 1890 da 1898, cewa buƙatarta ce ta sa Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi suka zama ƙasar Nijar a 1904 da 1906, kuma cewa ta haɗa mulkin ƙasa gabas da yamma ba tare da ta juya fatauci daga alƙiblarsa ta kudu da arewa ba. Duk mai tsara manufa a kan sufuri ko kasuwannin wannan yanki, ya kamata ya riƙe abubuwan nan biyu tare.

Muna ba ɗalibai masu neman batun bincike shawara biyu. Ta farko, a bi ƙauyukan da ke tsakanin Gidan Rumji da Gazawa ɗaya bayan ɗaya, a tattara asalin sunayensu da labarin aikin tilas daga bakin tsofaffi, a gwama da takardun da ke ajiye a Yamai. Ta biyu, tun da kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, lokaci ya yi da masana harshe za su shirya cikakken jerin sunayen garuruwan bakin hanyar bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, tare da karin sauti da tsawon wasali, domin ranar da za a sake rubuta alluna a sami abin dogaro.